Yadda Ake Cin Kasuwar Ƙauye A Ƙarshen Mako

Kwandon tumatirin da aka tsinka a Kadawa yakan bi hannu huɗu ko biyar kafin ya isa tukunyar mutumin Kano. Manomi ya fito da shi bakin titi, dillali ya shiga tsakani, ɗan sari ya saya, mai mota ya kawo shi kasuwar 'Yan Kaba, sannan mai tebur na unguwa ya saro ya kasa. Kowa a cikinsu sai ya ɗora ribarsa, tumatirin kuma yana ta laushi a hanya. Magidancin da ya ware yini guda a ƙarshen mako ya tafi kasuwar ƙauye da kansa, ya tsallake yawancin waɗannan hannuwa.

Sai dai wanda ya tafi don araha kaɗai yana iya dawowa da takaici, domin kuɗin mai ko na mota kan cinye rangwamen da ya samu. Ribar da ta fi tabbata ita ce kaya sabo, awo a gaban idonka, sanin wanda ya noma abin da iyalinka za su ci, da kuma buɗe ido ga kai da yara. Araha tana biyo baya idan an bi abin a tsare. Ga yadda ake yi.

Fara da sanin ranar kasuwa

Yawancin kasuwannin ƙauye sau ɗaya suke ci a mako, wasu sau biyu, kuma kowace da ranarta tun kaka da kakanni. Idan ka je ranar da ba ta ci, rumfuna da awaki kawai za ka tarar. Ma'aikacin da ba ya samun sarari sai Asabar da Lahadi ya yi sa'a, don manyan kasuwanni da dama Lahadi suke ci: Dambatta da Ladin Makole a jihar Kano, Gujungu da Haɗeja a Jigawa, Mai'aduwa da Jibiya a Katsina, Illela a Sakkwato. Wudil kuwa sai Juma'a, Maigatari Alhamis, don haka waɗannan sai an dace da ranar hutu.

Akwai kuma kasuwannin da kaya ke kafa su, ba rana ba. Kwanar Gafan da ke kan hanyar Zariya, a ƙaramar hukumar Garun Malam, tana cika ne lokacin tumatirin rani. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi yake shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, shi ya sa wannan yanki ke fitar da tumatir da albasa da shinkafa da rake a lokacin da sauran ƙasa ta bushe. Dawanau, duk da girmanta da sunan da ta yi a Afirka ta Yamma, kasuwar 'yan sari ce. Mai son ya haɗu da manomi ido da ido sai ya wuce ta, ya shiga ƙananan kasuwannin da ke ciyar da ita.

Kafin ka yanke shawara, tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki. Sun fi kowa sanin inda gada ta lalace da inda ba a bi saboda rashin tsaro. Idan suka ce kada a je, a haƙura a zaɓi wata. Mazauna Kano kuma su tuna da Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ake hana zirga-zirga da safe saboda tsaftar muhalli.

Duba wane lokaci ake ciki

Kasuwar ƙauye ba kanti ba ce da za ka sami komai kowane lokaci. Abin da gona ta bayar shi za ka tarar. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi ne ke cika fili: gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, riɗi, shinkafa, ga kabewa da zoɓo da dankalin Hausa. A nan farashin hatsi yake faɗuwa, domin manoma da yawa sun matsu su sayar su biya bashin taki ko su yi hidimar biki. Mai son ajiyar shekara wannan ne lokacinsa.

Da hunturu zuwa farkon bazara kayan lambu ke mulki: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, karas, kabeji, latas, kankana. Idan zafi ya tsananta tumatir ya fara janyewa, mangwaro ya shigo. Da damina kuwa sai ɗanyar masara da ɗanyar gyaɗa, kuɓewa, yalo, alayyafo, rama, zogale, ƙwan zabi, ga nono da man shanu sun wadata saboda shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Wanda ya tafi neman tumatir mai araha a watan Yuni, ko gero mai sauƙi a watan Yuli, ya ɓata mansa a banza.

Shirin daren jajibiri

Ku zauna da uwargida ku rubuta abin da gida ke buƙata da yawansa, kuma ku rubuta farashin kowane abu a unguwa a gefe. Ba tare da wannan ba, ba za ka gane ko ka yi riba ba. Ka leƙa maƙwabta da 'yan uwa ka ji ko akwai mai saƙo. Gida uku ko huɗu idan suka haɗa kuɗi suka sayi buhu suka raba, kamar yadda ake watandar nama, kuɗin mota ya rabu kuma farashin sari ya samu. Nan ne arahar take fitowa.

Ka tanadi buhunan da babu komai a ciki, igiya, bokiti mai murfi don nono da mai, da kwandon roba don tumatir, saboda kwandon kaba yana matse na ƙasa har ya fashe. Ka ɗauki kwanon awon gidanku. Kuɗi kuma ka riƙe tsaba, da canji ƙanana, ka raba su aljihu biyu ko uku. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 masu POS sun bazu har ƙauyuka, manoma da dama ma suna karɓar tiransifa, amma sabis yakan ɗauke a daidai lokacin da kasuwa ta cika, kuma tsohuwar da ta kawo daddawa ba ta da asusu.

Sutura a sa mai sauƙi wadda ba a jin ƙyashin ta yi ƙura. Wanda ya shiga kasuwar ƙauye da ɗinkin Sallah da agogo mai walƙiya ya ƙara wa kansa farashi tun bai buɗe baki ba. Idan da yara za a tafi, a ɗaukar musu ruwa da hula, a rubuta lambar waya a sa wa ƙananan a aljihu.

Lokacin isa

Mutanen birni sukan ɗauka sammako ne sirrin kowace kasuwa. A kasuwar kayan lambu haka ne, domin da sassafe ake fito da abin da aka tsinka, kuma kafin rana ta take manyan motocin kudu sun kwashe na kirki. Kasuwar mako kuwa ba ta cika sai hantsi ya dubi ludayi, wata ma sai bayan azahar, don masu kawo kaya daga nesa suke tahowa, a kan babur da amalanke da jaki da ƙafa. Isa wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya ya wadatar.

A hanya za ka ga masu tsayawa a mararraba suna tare manoma, suna saye kayansu tun ba su ji farashin ranar ba. Kada ka shiga sahunsu. Musulunci ya hana tarbar mai kaya kafin ya isa kasuwa, kuma dalilin a fili yake: wanda bai san farashi ba shi ake cuta.

Ka ajiye mota inda masu gadi suke, ka biya abin da aka yanka, ka karɓi rasit.

Zagaye kafin ciniki

Kada ka sayi komai a rabin awar farko. Ka zaga ka ga yadda kasuwar ta kasu, domin kowace sana'a da layinta: 'yan hatsi da ma'auna, 'yan gwari, 'yan kaji, karar dabbobi a can gefe, maƙera da fartanya da lauje, masu tukwane, masu tabarmi da faifai, 'yan koli, sai inuwar da matan Fulani ke jera ƙoren nono. Ka tambayi farashin abu ɗaya a wuri uku, ka kuma saurari yadda 'yan gari suke tayawa. Abin da aka sallama wa ɗan gari shi ne farashin gaskiya na ranar.

A wannan zagayen ne za ka bambance manomi da ɗan sari. Manomi kayansa kaɗan ne kuma iri ɗaya ko biyu, a buhun taki ko a ƙwarya, sau da yawa a ƙasa yake zaune a bakin layi. Idan ka tambaye shi wane iri ne, yaushe aka girbe, zai ba ka amsa har da sunan gonar da irin ruwan da aka samu bana. Ɗan sari yana da rumfa da buhuna jere da kaya iri-iri. Shi ma ba laifi a saya a wurinsa, musamman idan buhu kake so cikakke, amma ka san da wa kake ciniki.

Duba kaya

Nan ne aikin yake. Hatsi ba a duba shi daga baki. Ka nemi izini ka zura hannu har tsakiyar buhu, ka ɗebo ka baza a tafi. Ka ciza ƙwaya ɗaya: idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotse da sauran danshi, kuma hatsi mai danshi yana raguwa a awo ya yi fumfuna a ajiya. Ka duba tsakuwa da ƙaiƙayi da yashi. Wake ka nemi huda a jikinsa, sannan ka sansana. Idan ka ji warin fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, ka bar shi komai kyansa da arharsa, domin wankewa ba ta ba da tabbacin maganin ya fita.

Kwandon tumatir kusan kullum manyan ne a sama. Idan za ka sayi kwando guda, ka ce a juye a naka kwandon a gabanka. Mai kayan kirki ba ya ƙin juyewa. Mai tauri irin UTC ya fi jure hanya da ajiya. Albasa ka danna wuyanta, idan ya yi laushi ta fara ruɓewa daga ciki. Kuka da kuɓewa busassa a duba launi, wadda ta yi fari-fari ta tsufa ko ta sha rana fiye da kima. Zuma da man shanu da man gyaɗa su aka fi yi wa algus, saboda haka ka fara da kaɗan a wurin wanda 'yan gari suka nuna maka, in ya yi kyau ka ƙara a zuwa na gaba.

Kaza ka ɗaga ta ka ji nauyi, ka taɓa ƙirjinta, ka duba ido da hanci. Wadda take gyangyaɗi da fukafukai a sake ba ta da lafiya. Rago ko akuya kuwa kada ka saya sai ta hannun dillalin da aka sani a karar. La'adar da za ka ba shi ba asara ba ce, don shi ne shaidarka cewa dabbar ba ta sata ba ce. Ka karɓi takardar shaida kafin ka fita da ita.

Ciniki da awo

Gaisuwa ke buɗe ciniki. Ka tsuguna idan mai kayan dattijo ne.

"Salamu alaikum, Baba. Kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, Alhaji. Sannu da zuwa."

"Ya aka ji da aiki? Nawa ake auna geron?"

Zai faɗi kuɗi, ko ya ce maka "taya". Da rashin tayi akan bar araha, amma tayi ma yana da ladabi. Tunda ka riga ka ji farashin ranar, ka taya ƙasa da shi kaɗan. Idan ya ce "albarka", bai sallama ba ke nan, sai ka ƙara ko ka yi godiya ka wuce ba tare da kushe kayan ba. Idan ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa, janyewa bayan nan abin kunya ne. Idan ka tarar wani yana tayi, ka jira su rabu tukuna, ba a shiga cinikin wani.

A nan akwai abin da ya kamata mutumin birni ya yi wa kansa faɗa a kai. Mutum zai shiga babban kanti a Kano ya biya abin da aka manna a jikin kaya ko uffan bai ce ba, amma ya zo ya tsaya minti ashirin yana ja da tsohuwa a kan ƙullin daddawa. Manomin da ke gabanka ya sayi taki da tsada, ya biya 'yan ƙwadago, ya yi watanni yana jiran ruwa, kuma sau da yawa larura ce ta fito da shi da hatsin. Ka ja ciniki da ɗan sari iya ƙarfinka, shi sana'arsa ke nan. Manomi da mai ƙaramin talla kuwa, idan sun faɗi farashin da ake sayarwa a ranar, ka biya. Ko a hakan ka fi mutumin unguwa samun sauƙi.

Kafin a fara awo a daidaita kan ma'auni. Mudu da tiya da kwano ba girmansu ɗaya ba daga gari zuwa gari. A yankin Kano an saba lissafa kwano 40 a babban buhu, amma buhun ma wani ya fi wani. Ka gwada kwanon mai kaya da naka sau ɗaya, ka duba ko an buga gindinsa ya shige ciki. A yarda ko awon mai tozo ne ko shafaffe. Ka riƙa ƙirga tare da mai awo da babbar murya, kada ka amsa waya a tsakiyar ƙirga. Tauye mudu tsohon ciwo ne da Alƙur'ani ya keɓe wa sura guda, kuma gargaɗin ya haɗa da mai saye da ke son a cika masa fiye da haƙƙinsa. Gyara kuwa kyauta ce. Ana roƙonta da fara'a, "Inna, ba gyara?", ba a ƙwace ta.

Ka fara sayen masu nauyi da marasa lalacewa, ka bar su a rumfar wanda ka saya a wurinsa ko ka sa ɗan dako ya kai mota. Ku yi jinga da shi kafin ya ɗauka, kuma ka bi shi a baya. Ganye da nono da nama su ne na ƙarshe.

Rabon ciki da na yara

Idan an yi azahar a masallacin kasuwa, a nemi inuwa a zauna. Fura da nono da aka dama a gabanka, tsire da zafinsa, waina, ƙosai, dafaffen rogo da ƙuli, rake, duk suna nan. A ci abin da aka sauke daga wuta yanzu, a sha ruwan da aka zo da shi.

Yaran birni da yawa sun san tuwo amma ba su taɓa ganin zangarniyar dawa ba, ba sa bambance gero da maiwa. Ka kai su wurin maƙeri su ga yadda ake zuga wuta, ka nuna musu yadda ake duba haƙoran rago a gane shekarunsa. Ka ba babban cikinsu 'yan kuɗi ka ce ya sayo albasa shi kaɗai, kana kallonsa daga nesa. Zai koyi gaisuwa da tayi da ƙirga canji a zama ɗaya. Ka hana su ɗaukar hoton mutane ba izini, musamman mata. Mutanen nan neman abincinsu suka fito, ba kallo aka kawo su ba.

Komawa da ajiya

A kama hanya da la'asar sakaliya, a isa gida kafin magariba. Wajen lodi buhuna a ƙasa, kwanduna a sama, kaji inda iska ke shiga. Idan motar haya ce, a gama maganar kuɗin kaya da ɗan kamasho tun kafin a ɗora.

Aikin bai ƙare a ƙofar gida ba, don kayan da aka sayo da yawa suna iya lalacewa da yawa. A daren a baje tumatir a ware masu tabo a fara da su. Sauran a markaɗa a tafasa har ruwan ya ƙone, ko a yanka a shanya a yi kauɗa. Albasa a zube ta a inuwa mai iska, kada a bar ta a buhu. Hatsi a ƙara masa rana yini ɗaya ko biyu, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango. Wake a zuba shi a jarka mai murfi a cika ta taf a toshe, ko a buhun PICS mai leda biyu a ciki. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki mutuwa suke yi ba tare da an sa magani ba. Sabuwar kaza a ware ta daga na gida na 'yan kwanaki a ga lafiyarta.

Daga nan a ɗauko takardar jiya a yi lissafi: abin da aka kashe a kaya, kuɗin mai ko mota, dako, rasit, abinci, a gwada da farashin unguwa. Lissafin zai nuna abin da ya cancanci a riƙa tafiya dominsa da abin da gara a saya a bakin layi. Yawanci hatsi da wake da albasa da tumatirin kwando su ke biyan kuɗin hanya, kayan kashi-kashi ba sa biya.

Idan ka dace da manomi mai gaskiya, ka karɓi lambarsa, ka koma wurinsa. A zuwa na biyu zai gane ka, a na uku zai fara ware maka mai kyau, wata rana ma ya kira ka ya ce an yi girbi kafin ya kai kasuwa. Ba kowane mako za a je ba. Sau ɗaya a wata ya isa gida mai matsakaicin iyali, sai a ƙara zuwa ɗaya na musamman da kaka don hatsin shekara, da wani a tsakiyar hunturu don tumatir da albasa.